Dogon Hoto da Tarihin Dajin Birnin Gwari

Gabatarwa

Idan aka ambaci tarihi, abin da ke fara zo wa galibinmu ɗaliban Hausa a rai shi ne jerin sarakuna, da yaƙe-yaƙe, da kirarin mazaje. Mun saba neman tarihi a bakin tsofaffi, da waƙoƙin makaɗan fada, da rubuce-rubucen ajami, da takardun Turawan mulki da ke jibge a gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Duk waɗannan hanyoyi ne nagari. Amma akwai wani sashe na tarihi da ba su cika kula da shi ba, watau tarihin ita ƙasar kanta: ina daji ya tsaya a da, ina gona ta fara, ta ina burtali ya ratsa, kuma wane kufai ne jiya yake gari mai ganuwa.

A wannan ɗan rubutu ina so in jawo hankalin 'yan ƙungiyarmu da malamanmu ga wata shaida da za ta taimaka wajen cike wannan giɓi. Shaidar kuwa ita ce dogon hoto, wanda Turawa ke kira fanorama, watau hotuna da yawa da aka ɗauka a jere, aka haɗa bakinsu suka zama hoto guda mai nuna ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan. Zan bi asalinsa, da yadda ake yin sa da kyamarar fim, da yadda ya iso ƙasar Hausa, sa'an nan in faɗi dalilin da ya sa nake ganin ƙasar Birnin Gwari ta fi ko'ina bukatarsa a yau.

Asalin dogon hoto

Fanorama ta girmi kyamara. A shekarar 1787 wani mai zane, Robert Barker, ya yi rajistar wata dabara a Ingila: a zana gari duka a jikin bango mai zagaye, mai kallo ya tsaya a tsakiya, duk inda ya juya ya ga gari kamar yana kan tudu. Da birnin Edimbara ya fara. Kalmar kanta daga harshen Girka aka ƙero ta, ma'anarta ganin kome.

Da aka bayyana dabarar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, sai masu hoto suka ga kyamara tana da ƙuntataccen ido. Abin da mutum zai gani da juya wuya sau ɗaya, ita sai ta yi ɗauka biyar ko shida. Mafita biyu aka samo. Ta farko ita ce a ƙera kyamara mai juya ido, kamar wadda Friedrich von Martens ya yi a Faris wajen 1845. Ta biyu, wadda ta fi sauƙi kuma ta fi yaɗuwa, ita ce a ɗauki hotuna bi da bi a jera su. Haka Fontayne da Porter suka yi wa bakin kogin Sinsinati a Amurka a 1848 da faranti 8. Haka kuma Eadweard Muybridge ya yi wa San Faransisko a 1878 da faranti 13 da suka zagaye birnin kaf. Shekara 28 bayan haka, a 1906, girgizar ƙasa da gobara suka cinye yawancin birnin, hoton da aka yi don sha'awa ya koma shaidar abin da ya shuɗe.

Misalin da ya fi kusa da zuciyarmu shi ne na Makka. Wani hafsan sojan Masar, Muhammad Sadik Bey, ya ɗauki hoton Madina a 1861, ya ɗauki na Makka a 1880. Bayansa wani likita ɗan Makka, Sayyid Abdulgaffar, ya ɗauki jerin hotunan birnin daga kan tudu, wani Bature ɗan Holan, Snouck Hurgronje, ya buga su a 1889 ba tare da ya sa sunan mai su ba, sai daga baya masu bincike suka mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. A cikin hotunan nan ana ganin ganuwar Ajyad a kan dutsenta. An rushe ta a 2002, inda take kuma yanzu manyan benaye ne. Alhajin da ya je bana, in yana son ganin Makkar da kakanninsa suka taka a ƙasa suka isa, sai dai ya duba hoton likitan nan.

Yadda ake haɗa shi da fim

Tun da mu 'yan zamanin wayar hannu ne, ya kamata in ɗan bayyana wahalar da ke cikin aikin, don mu san darajar abin da magabata suka bari.

Mai hoto yakan nemi wuri mai tudu, ya kafa kyamara kan ƙafarta mai uku, ya daidaita ta har ta zauna sak. In ta karkata ko da kaɗan ne, to, gindin sama zai fito kamar matakala, kowane hoto da nasa tsayi. Sa'an nan ya tsai da ma'aunin haske wuri ɗaya, ba zai taɓa shi ba har ya gama, don kada wani hoto ya yi fari wani ya yi duhu. Daga nan sai ya fara ɗauka yana juya kyamarar kaɗan kaɗan, yana tabbatar da kashi ɗaya cikin uku na abin da ya shiga hoton baya ya sake shiga na gaba. Wannan maimaici shi ne bakin da za a ɗinke.

Ga lissafin. Gilashin kyamara na yau da kullum, mai milimita 50, a kan fim mai milimita 35, yana ganin faɗin kusan digiri 40. In an cire kashi ɗaya cikin uku na maimaici, kowace ɗauka tana ci gaba da kusan digiri 27. Zagaye kuwa digiri 360 ne. Ke nan sai an yi ɗauka 14 kafin a komo inda aka fara. Fim guda mai ɗauka 36 zagaye biyu kawai zai ba ka, da 'yar saura.

Akwai wata matsala da mai karatu zai iya gwadawa yanzu. Ɗaga yatsa a gabanka, ka rufe idon dama, sa'an nan ka buɗe shi ka rufe na hagu. Za ka ga yatsan yana tsalle a kan abin da ke bayansa. Haka ke faruwa in kyamara ba ta juya a kan ƙwayar idonta ba: itacen da ke kusa zai goce daga dutsen da ke nesa, hotuna biyu su ƙi haɗuwa. Shi ya sa gwanaye ke guje wa abin da ke kusa. Ga kuma gajimare da ke tafiya, ga inuwa da ke juyawa, ga saniyar da za ta fito da kai a wannan hoto, gindinta ya ɓace a wancan. Dole a yi sauri, kuma dole a yi natsuwa. Hazon hunturu ma abokin gaba ne, don yana shafe duwatsun nesa. Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, kafin buji ya sauko, kafin a fara ƙunar daji.

Mai fim ba ya ganin abin da ya ɗauka sai an wanke. A ɗakin duhu kuma dole kowace takarda ta sami haske daidai da 'yar'uwarta, ta daɗe cikin ruwan magani daidai da ita. In sun bushe sai a ɗora bakin wannan kan na wancan, a bi da reza a yanke su tare, a manna da gam a kan kwali. Kamfanin Kodak ya fito da kyamara mai juya ido a 1899, daga baya aka yi wata mai suna Cirkut da ake ɗaukar taron makarantu da ita, har yara masu wayo kan ruga ta baya daga wannan gefe zuwa wancan su fito sau biyu a hoto ɗaya. Amma reza da gam su ne kayan aikin talaka. Sai wajen 2003 Matthew Brown da David Lowe suka nuna yadda kwamfuta za ta gano bakin hotuna da kanta ta ɗinke su, abin da kowace waya ke yi yau cikin ƙiftawar ido.

Ƙasar Hausa daga kan dutse da cikin jirgi

A ƙasarmu ma zane ne ya riga kyamara. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a Fabrairun 1851, ya hau Dala ya zana birnin. Wani mai zane a Jamus, Bernatz, ya gyara zanen aka buga shi cikin littafin tafiyar a 1857. Har gobe masu nazarin tsohuwar Kano suna komawa gare shi.

Babban canji ya zo ne da jirgin sama. A Nuwamban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano. A ƙarshen 1930 zuwa farkon 1931 wani matuƙi ɗan Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ƙetare Sahara ya ɗauki hotunan Kano daga sama, suna nan a ajiye a Zurik. A 1946 kuma gwamnatin Ingila ta kafa hukumar safiyon ƙasashen da take mulka, ƙarƙashin Martin Hotine. Jiragen yaƙin da suka rage bayan yaƙin Hitila aka ɗaura wa kyamara, suka yi shekaru suna kai da kawo a kan Afirka ta Yamma da ta Gabas. Bayan mulkin kai ma aikin bai tsaya ba, da ofishin safiyo na tarayya da na Arewa a Kaduna.

Dabarar ita ce dai ta mai hoton kan tudu, sai dai a nan kyamara ƙasa take kallo. Jirgi na tafiya a miƙe yana ɗauka, kowane hoto yana maimaita kusan kashi 60 cikin 100 na wanda ya gabace shi. In ya kai ƙarshen layi ya juyo, sabon layin ya ɗan hau kan tsohon. A ofis sai a ɗauki tsakiyar kowane hoto, don gefensa yana da karkata, a yage bakin a sirance shi, a manna su a kan allo su zama shimfiɗar ƙasa guda. Daga irin waɗannan hotuna aka zana taswirorin Nijeriya masu ma'aunin 1:50,000. Na taɓa leƙa biyu daga cikinsu ta madubi mai ido biyu a ɗakin taswira na sashen labarin ƙasa. Da idona ya daidaita sai duwatsu suka taso, rafi ya nutse, kowace ɗorawa ta tsaya da inuwarta, har ana iya ƙirga su. Lalle gani ya kori ji. Tarin hotunan waccan hukuma, fiye da miliyan ɗaya, yanzu yana Edimbara, garin da Barker ya fara zanensa.

Birnin Gwari da dajinta

Birnin Gwari tana yamma da Kaduna da kimanin kilomita 120, a ƙasar da Gwari da Kamuku da Hausawa da Fulani suka daɗe suna cuɗanya. Tsohuwar hanyar fatake ce. Ta nan Hugh Clapperton da baransa Richard Lander suka biyo a 1826, kan hanyarsu daga Bussa zuwa Zariya da Kano. A ƙarshen ƙarni na 19 hare-haren Nagwamatse na Kwantagora sun ɗaiɗaita garuruwa da yawa na Gwari da Kamuku, mutane suka hau duwatsu, gonaki suka koma daji. Zamanin Turawa aka sa ƙasar cikin Lardin Zazzau da sarautarta mai cin gashin kanta. A shekarun 1930 aka yi rububin haƙar zinariya. Daga baya gari ya koma bakin babbar hanya, aka bar Tsohuwar Birnin Gwari. A 1963 hukumar binciken ma'adinai ta buga rahoton Truswell da Cope a kan duwatsun yankin, har yau masana duwatsu na kiran wani jerin dutse da sunan Birnin Gwari.

Shi kuwa dajin, a 1936 aka keɓe shi ya zama gandun daji na En'e. A 1999 gwamnatin tarayya ta ɗaga shi ya zama Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku, mai faɗin murabba'in kilomita 1,121, yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Daji ne na doka da kawo da maje da taura da kaɗanya, da kurmi a bakin rafuka. An san shi da giwa da gwanki da gadu da gwaggon biri. A cikinsa akwai Dogon Ruwa inda ruwa ke gangarowa kan dutse, da Goron Dutse, da Tsaunin Rema. In dogon hoto ake so, samun wurin tsayawa kamar waɗannan duwatsu sai an tona.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. A Oktoban 2012 'yan bindiga suka kashe masallata a Dogon Dawa. A Mayun 2018 suka auka wa Gwaska suka kashe mutane gommai. Hanyar Kaduna ta zama sai da rakiyar soja, ƙauyuka suka watse, sunan daji ya koma abin tsoro a bakin 'yan jarida. A Nuwamban 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da wasu daga cikin masu ɗauke da makamai, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe.

In mai karatu ya lura, sau da yawa fuskar wannan ƙasa tana sauyawa. Yaƙi ya kori manomi daji ya rufe, lafiya ta dawo gatari ya buɗe, Bature ya ja layi ya ce nan gandu ne, mai haƙar zinariya ya bar ramuka, mai gawayi ya bi da nasa. Yaron da aka haifa a gudun hijira bai san iyakar gonar ubansa ba. Dattijon da ya san inda burtali ya bi, da mashayar da aka yarda da ita, wataƙila ya rasu a wani gari. Ran da kowa ya komo gida, wa zai raba gardama? Rikicin manomi da makiyayi kuwa sau da yawa a kan taku ashirin na ƙasa yake farawa.

Shaidar da hoto ya taɓa bayarwa

Kada a ɗauka zancen fatar baki nake yi. An daɗe ana cewa yawan jama'a da neman itacen girki sun ƙare itatuwan kewayen Kano. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, shi da abokan aikinsa suka gwada hotunan jirgi na shekaru daban daban, suka kuma shiga gonaki suka ƙirga. Binciken da suka buga a 1990 ya nuna itatuwan gona ba su ƙare ba, domin manomin Kano yana kiwon itacensa kamar yadda yake kiwon akuyarsa. A ƙasar Gini ma, James Fairhead da Melissa Leach sun ɗauko hotunan jirgi na 1952 na yankin Kisidugu suka gwada da na baya. Hukuma ta yi shekaru tana tarar mutanen ƙauye kan sun cinye kurmi. Littafinsu na 1996 ya nuna kurmin da ke kewaye da ƙauyuka da yawa su mutanen ne suka raya shi, kuma ƙaruwa ya yi.

Ban ce abin da aka gani a Kano ko Gini shi za a gani a Kamuku ba. Abin da nake cewa shi ne, maganar daji ta cika zargi: wannan ya ce makiyayi ne, wancan ya ce manomi ne, wani ya ce ma'aikacin gandun daji ne. A jera hoton jiya da na yau, sa'an nan a yi magana.

Inda ɗalibin Hausa ya shigo

Sai dai hoto kurma ne kuma bebe. Zai nuna maka duhuwar itatuwa, ba zai gaya maka kurmi ba ne, ko kufai ne da kukoki suka rufe, ko wurin tsafin da ba a sara. Zai nuna fili fari, ba zai ce fako ba ne ko saura. Baturen da ya zana taswira daga Ingila layi ya gani, bai san burtali ba ne ko turbar masu zuwa rafi. Hausa kuwa ta rarrabe ƙasa filla-filla: tudu, kwari, fadama, jigawa, fako, sunƙuru, sarƙaƙiya, dawa. Gwari da Kamuku da Fulani kowa na da nasa sunayen, kuma sau da yawa sunan wuri shi ne tarihinsa a taƙaice. Mai labarin ƙasa ya iya awo, mu kuma an koya mana zama gaban dattijo da tambaya cikin ladabi. In aka shimfiɗa dogon hoto a zaure, tsofaffi suka kewaye shi suna nuni da yatsa, abin da za a rubuta a yini ɗaya ya fi na wata guda na tambaya da ka.

Dole kuma a yi hattara. Hoton da ke raba gardama yana iya zama makamin ƙwace, don da taswira aka ja layin da ya raba mutane da dajin kakanninsu. A ƙasar da aka sha kashe mutane kan zargin kai rahoto, ɗaga kyamara ba wasa ba ne. Kada kowa ya hau dutse sai da izinin fada da masu unguwanni da ma'aikatan gandun, kuma kada a ɗauki fuskar wanda bai yarda ba.

Kammalawa

Shawarata ga ƙungiyarmu guda uku ce. Ta farko, mu bi tsofaffin masu hoto na Kaduna da Zariya da Funtuwa da Birnin Gwari, da iyalan tsofaffin malaman daji da ma'aikatan safiyo, mu roƙi aron fim da hotunan da ke cikin akwatunansu. Zafi da laima suna cin fim, in ya fara warin tsami kwanansa ya ƙare. A kwafe su cikin kwamfuta, waɗanda aka ɗauka a jere a ɗinke su, a mayar wa masu su kayansu. Ta biyu, mu nemi haɗin kan sashen labarin ƙasa da na tarihi a nemo hotunan jirgi na wannan yanki, a Kaduna ko a Edimbara. Ta uku, duk lokacin da hanya ta yi kyau, a je wuraren da aka tsaya a da a sake ɗauka, a rubuta rana da wuri a bayan kowane hoto, a zauna da dattawa a sa wa kowane dutse da rafi sunansa.

Aikin ba na shekara ɗaya ba ne, kuma mai yiwuwa waɗanda za su ci amfaninsa ba su shigo jami'a ba tukuna. Amma dattawan da suka san sunayen nan ba za su jira mu ba, fim ɗin ma haka. Allah Ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya, Ya mai da kowa gidansa. Amin.